Mai haɗa solar da ya yi mana aiki

Jama'a duk mai neman wanda zai haɗa masa sola a Kano bari in ba ku labarin wanda ya yi mana watan jiya. Tunda aka cire tallafin fetur a 2023 janareto ya gagare mu, maigida ya ce a nemo mai sola, ƙanina ya kawo wani abokinsa.

Bawan Allahn nan kafin ya faɗi kuɗi sai da ya zauna ya tambaye ni me da me nake so ya ɗauka, na ce firij, fanka uku, talabijin da ƙwayaye, ina cewa dutsen guga ya ce "Hajiya wannan kam ki bar wa gawayi, zai kashe miki batir." Ya yagi kwali ya zana min fanel, inbata, batir, yadda wuta ke bi, wallahi kamar ina aji. Na ce malam ko ka taɓa koyarwa ne? Ashe NCE gare shi, ya koyar a makarantar kuɗi albashi bai kai tsakiyar wata, ya koma acaɓa har aka hana ta a Kano a 2013, daga nan gyaran waya a Farm Centre, ya samu N-Power ɗin nan na dubu 30, ya ɗan taɓa POS ma bai ji daɗinta ba, wai zaman laima ba nasa ba ne. Ya ce duk cikinsu wannan ce kaɗai yake tashi da asuba yana ɗokin fita.

Kuma ka ga hannun mai gyaran waya a aikin, kowace wayar wuta sai ya sa mita ya gwada, ya ƙi siririyar da muka saya wai za ta yi zafi, fanel ɗin ya fuskantar da su kudu, ya ce idan hazo ya sauka a rinƙa wanke su da sassafe kafin su ɗau zafi.

Matsalarsa ɗaya lokaci. Ya ce ƙarfe tara, sai bayan azahar muka gan shi, kira kuma ba ya ɗauka in yana kan rufi. Kuɗinsa ma ba sauƙi, mun ja mun ja dubu biyar kawai ya rage. Amma sati huɗu kenan firij bai mutu ba, har ƙanƙara nake sayar wa maƙwabta.