Longthorpe ko Tattershall: wace hasumiya ta fi cancantar yini guda?

Ɗan'uwa ya ce yana Landan, yini ɗaya gare shi, yana so ya ga hasumiyar tsohon gidan masu ƙasa na Ingila, amma ya rasa zaɓi tsakanin Longthorpe da Tattershall.

Malam, abin da za ka gani a wuraren biyu ba iri ɗaya ba ne. Ita Longthorpe ƙarama ce, hawa uku, ta dutse, iyalan Thorpe suka ƙara ta a jikin gidansu wajajen 1300. Daga waje ba ta da kwarjini. Dukiyarta tana ɗakin hawa na tsakiya, inda aka yi wa bango zane wajajen 1330, daga baya aka shafe shi da farar ƙasa, ba a sake ganinsa ba sai 1945. In ka shiga, nemi wata ƙafar keke da sarki ke tsaye a bayanta. Dabbobi ne kewaye da ita: biri na nufin ɗanɗano, ungulu sansana, gizo-gizo taɓawa, aladen daji ji, zakara kuma gani. Launin ya kwanta ƙwarai, sai ka ɗan tsaya idonka ya saba da hasken ɗakin kafin siffofin su fito. Mai gaggawa tabo kawai zai gani a bango.

Tattershall kuwa ta jan bulo ce, doguwa, Ralph Cromwell ma'ajin Ingila ya gina ta a shekarun 1430. An taɓa ɓamɓare murhunanta na dutse don sayarwa, Lord Curzon ya sayi wurin a 1911 ya dawo da su. Matakala 149 ce mai murɗewa har saman rufi, saboda haka mai ciwon gwiwa ya yi tunani. In sama ta washe, ana hango babban cocin Lincoln.

Wajen zuwa nan ne bambancin. Jirgin ƙasa daga tashar King's Cross ta Landan zuwa garin Peterborough bai cika awa ɗaya ba, Longthorpe kuma mil biyu ce daga tsakiyar gari. Tattershall ba ta da tasha, sai da mota. Inda mutane ke yin asarar tafiya shi ne zuwa ba tare da duba ranar buɗewa ba, musamman Longthorpe da ba kullum ake buɗe ta ba, sauran gidan kuma na masu shi ne, ba a shiga.

Tunda ba ka ambaci mota ba, Longthorpe za mu ce.