Tiyub ko gyaran rim: amsa ga mai Cressida da tayarsa ke sauka

Wa alaikumus salam Alhaji. Tsakanin shawarwari biyu da aka ba ka a kan tayar bayan motarka Cressida da ke sauka cikin kwanaki kaɗan alhali ba a ga ƙusa ba, wato ka zura mata tiyub ko ka sa a gyara bakin rim a canza bawul, ni na biyun nake so ka yi, amma kada ka biya ko riyal ɗaya kafin ka ga inda iskar take fita da idonka.

Da farko a ware abin da ba ciwo ba ne. Taya lafiyayya ma tana rage iska a hankali ta jikin roba, kamar fam 1 zuwa 2 na ma'aunin iskar taya a wata, kuma zafi da sanyi suna motsa geji da kusan fam 1 a duk digiri 5 zuwa 6. Wanda ya auna da azahar bayan ya taho daga Makka, ya sake aunawa da asuba motar ta kwana a tsaye, dole ya ga bambanci ko da babu huji ko ɗaya. Saboda haka awo na gaskiya shi ne na safe kafin motar ta motsa, da geji guda, a kwatanta da adadin da kamfanin motar ya rubuta. Idan taya ɗaya ce kawai take bambanta da sauran ukun, to lallai tana yoyo.

Hanyar gano wurin ba ta da tsada. A cire tayar, a cika ta da iska, a tsoma ta cikin tankin ruwan da masu banshar, wato masu shagon gyaran taya, suke ajiyewa, ko a shafe ta da ruwan sabulu mai kauri. A fara da bakin bawul bayan an cire murfinsa, sannan a lanƙwasa wuyan bawul ɗin hagu da dama domin tsohuwar roba takan tsage a gindi ta ɓoye tsagar har sai an motsa ta, sannan a kwantar da tayar a zuba ruwan a zagayen inda ta haɗu da rim, ciki da waje, a jira. Yoyon bakin rim ba ya yin babbar kumfa. Wata farar kumfa ce ƙanana-ƙanana da take taruwa bayan mintuna, kuma yaron da yake sauri saboda layin motoci a bayanka zai wuce ta bai gani ba. Ka tsaya a kansa har ya juya ɓangaren ciki.

Dalilin da na fi zargin rim a motarka shi ne shekarunta da kuma garin da take. An daina ƙera Cressida tun a shekarun 1990, wato ƙarfen da yake ƙarƙashinta ya yi kusan shekara 30 ko fiye, kuma danshin Jidda da gishirin teku ba sa barin ƙarfe ya zauna lafiya. Tsatsa tana tasowa daidai inda leɓen taya yake manne da rim, ta ɗaga shi kaɗan, iska ta samu hanya. Haka tsohuwar Caprice ɗina ta yi mini, har wani dattijo mai banshar a wajen Hindawiyya ya ƙi karɓar kuɗin faci ya ce babu abin da zai facce. Ya zare tayar gaba ɗaya, ya nuna mini jan layin tsatsa a zagaye, ya zauna da buroshin waya da samfefa ya goge shi har ƙarfen ya yi haske, ya shafa fenti siriri ya ce in bar masa ita ta bushe. Washegari ya sa sabon bawul, ya shafa maganin da ake sawa a bakin rim, ya ɗaura tayar ya yi mata balans. Da wannan tayar na yi ta zuwa Madina da iyali, na hau Ɗa'if ta hanyar Hada, ban ƙara tsayawa neman iska ba sai ƙarin da kowa yake yi a ƙarshen wata. Allah Ya saka masa da alheri, domin aikin da ya yi ya fi kuɗin da ya karɓa.

Tiyub kuwa zai riƙe maka iskar, wannan gaskiya ne, kuma ya fi araha a ranar. Amma cikin taya maras tiyub yana da layuka masu kaushi da suke gugar tiyub ɗin, gugar tana ƙara zafi, tsatsar da aka rufe tana nan tana cin sa ta ƙasa, kuma ranar da ya huje iskar takan fita gaba ɗaya nan take, ba a hankali ba. A titin da ake gudun kilomita 120 cikin zafin Yuli, ban yarda da shi ba. Wurinsa shi ne rim mai wayoyi irin na wasu tsofaffin motocin Ingila, ko rim ɗin da tun asali don tiyub aka yi shi, kuma naka ba ya cikinsu.

Idan an zare tayar aka tarar rim ɗin ya lanƙwashe ko tsatsa ta huda shi, a bar maganar guga, a nemo wani a tashlih, wato inda ake sayar da kayan tsofaffin motoci, mai girman naka da ramukan noti iri ɗaya.

Akwai kuma abin da ba ka tambaya ba. Da zarar wasu masu shago sun ga tsohuwar mota, sai su ce tayar ce ta mutu, su fito maka da wadda ta daɗe a sito an shafe ta da mai tana ƙyalli. Ka duba lambobi huɗu na ƙarshe bayan rubutun DOT a gefenta: biyun farko mako ne, biyun ƙarshe shekara, don haka 1223 na nufin mako na 12 a 2023. Idan wurin ya yi kama da an kankare shi, ka bar shagon. Ka duba harafin juriyar zafi ma, A ya fi B, B ya fi C, kuma a ƙasar nan A ya kamata ka nema. Sannan ka sa a cire tsohon bawul a gabanka a miƙa maka shi, domin akwai masu rubuta sabo a lissafi su bar tsohon a jiki. Taka tayar ma ka karanta shekararta: idan ta kai shekara 6 ko ta fara tsattsagewa a gefe, gyaran rim kaɗai ba zai ishe ta ba, a canza ta tare.

Ka je da safe kafin banshar ya cika, ka ce a zare tayar a goge rim a sa sabon bawul, kuma tunda an riga an ɗaga motar, a gwada sauran ukun da safaya da ruwan sabulun.