Peter Gabriel: Zamanin Genesis Ko Bayansa?

Duk mai son fara sauraron Peter Gabriel, mawaƙin Ingila, hanya biyu ce a gabansa. Akwai zamaninsa a ƙungiyar Genesis, daga 1967 zuwa 1975: dogayen waƙoƙi, wata ma ta haura minti 20, ga shigar ban mamaki a dandali. Sai mai haƙuri.

Ni dai na fi ƙaunar abin da ya biyo baya. Da ya tsaya da ƙafarsa, ganga ta samu bakin magana a waƙoƙinsa. A 1980 ya yi wa Steve Biko, ɗan gwagwarmayar yaƙi da wariyar launin fata na Afirka ta Kudu, waƙar makoki, a 1986 muryar Youssou N'Dour na Senegal ta shiga kundinsa. Ya kuma kafa kamfanin waƙoƙi na Real World Records a 1989, wanda ya kai mawaƙan Afirka da Asiya kunnuwan Turawa.