Shagon hayar kayan aikin gayya a Sabon Gari

Ƙungiyar sa-kai da za ta gyara hanyoyin ƙafa a wurin shaƙatawa, ko turbar hawa Dutsen Kufena da ke Zariya, ba sai ta sayi kaya ba. Wannan shagon yana ba da haya, kuma mai shi ya san kan aikin. Ka ce masa mutum 20 ne, zai haɗa maka baro 3, shebur 6, diga 2, manjagara 4 da adda 5, ya ce a kasa mutane gida huɗu, kowane da shugaban da zai rubuta abin da ya karɓa. Gaskiyarsa, don da yamma ake rigimar ɓatan shebur.

Digarsa babu laifi, ƙota a matse, tana fasa marmara. Yakan kuma tunatar a yanka 'yan magudanai a karkace kafin a zuba tsakuwa, in ba haka ba ruwan Agusta ya bi tsakiyar hanya ya kwashe ta.

Baron ne matsala. Tayar iska ce, ƙaya na huda ta, kuma mai shagon ba ya haɗawa da famfo. Addunan sai an wasa. Safar hannu kuwa, kowa ya zo da tasa.