Ofishin ƙiyasin aikin lantarki a Jidda da yadda yake lissafin wayoyin fida

Mafi yawan 'yan'uwanmu da ke karɓar ƙananan kwangilolin gini a Jidda da Makka suna yi wa aikin wuta kuɗi ne a dunƙule, gwargwadon faɗin ginin, kuma a nan ne riba take zurarewa. Shi ya sa nake ganin wani ƙaramin ofishin injiniyoyi da ke kudancin Jidda, wanda ya yi mini ƙiyasin wani bene mai hawa uku, ya cancanci a san da aikinsa.

Abin da ya bambanta su shi ne yadda suke ɗaukar fida, wato babbar wayar da ke ɗauko wuta daga babban akwatin rarrabawa ta kai ta ƙananan akwatunan kowane hawa. Ba su da yawa a gini, amma su ne masu kauri, kuma jan ƙarfen da ke cikinsu shi ke cin kuɗi. Injiniyan ya shimfiɗa zanen ginin a kan tebur, ya bi hanyar kowace fida da jan alƙalami, yana ƙara tsayin hawa da sauka a bango da rarar da ake bari domin ɗauri a bakin akwati, abubuwan da ma'aunin kwance ba ya nunawa. Da na ce, bisa jadawalin ƙarfin wayoyi da na duba, waya mai kaurin murabba'in milimita 50 za ta wadatar, sai ya ce: "Alhaji, jadawalin da ka duba an gina shi ne a kan zafin digiri 30, kuma rufin bene a Jidda ba ya zama a haka." Gaskiyarsa ce, domin a digiri 50 waya mai rigar XLPE (wani nau'in roba mai jure zafi) tana ɗaukar kusan kashi 82 cikin ɗari ne kawai na abin da aka rubuta mata, mai rigar robar PVC kuwa kashi 71, ga kuma na'urorin sanyaya ɗaki da ba sa hutawa a lokacin zafi. Ya kuma lissafa raguwar ƙarfin wuta a fida mafi tsawo, ya ɗaga ta zuwa murabba'in milimita 70.

Na yaba da cewa sun yi aikin bisa tsarin ƙarfin wuta na volt 230/400 da ƙasar take komawa a madadin tsohon 127/220, tare da bin sashen lantarki na ƙa'idar gini ta Saudiyya, SBC 401. Sun kawo farashin kamfanonin waya na Riyadh Cables da Bahra gefe da gefe, sun ware harajin VAT na kashi 15 a layinsa, sannan suka rubuta cewa farashin na ɗan lokaci ne, tunda kuɗin jan ƙarfe yana bin kasuwar ƙarafa ta Landan. Wannan gargaɗi kaɗai ya isa ya ceci ɗan kwangila daga rigima da mai gida.

Inda suka gaza shi ne saurin aiki, domin takardar ta wuce ranar da suka yi alkawari, kuma ba su kawo zaɓin alminiyom ba sai da na nema, alhali a doguwar fida yakan fi araha ko da an ƙara masa kauri. Kuɗin aikinsu ma zai yi wa mai gyaran shago ɗaya nauyi. Amma wanda ke da bene mai mitocin wuta da yawa, ina ba shi shawara ya kai musu zanen kafin ya faɗa wa mai gida ko riyal ɗaya.