Supa, kamfa ko kashin kaji: wanne za ka saya wa gonar ciyawarka a Legas?

Tsadar harawa da dusa ta sa 'yan uwanmu masu kiwo a Agege da Alaba Rago sun fara kama filaye a gefen Ikorodu, Epe da Badagry suna shuka ciyawar dabbobi. Da zarar ciyawa ta fito, sai maganar taki ta taso, kuma yawancinmu abin da mai shago ya miƙo shi muke ɗauka.

Ka fara duba lambobi uku da ke jikin buhu. Ta tsakiya ita ce fosfarus, sinadarin da ke ƙarfafa saiwa. Ƙasar da ba ta da shi, ciyawarta ma ba za ta samu ba, shi ya sa za ka ga saniya tana tauna ƙashi ko itace.

Kamfa, wato takin NPK, samfurin 15-15-15 na cikin waɗanda suka fi sauƙin samu. A buhun kilo 50, bisa ma'aunin jikin buhu, akwai kilo 7.5 na fosfarus, a 20-10-10 kuwa kilo 5 ne. Ciyawar da ake yanka akai-akai ta fi jin yunwar naitirojin, wato lamba ta farko, sinadarin koren ganye, don haka wanda ya dogara da kamfa kaɗai zai yi ta tara wa ƙasa fosfarus ɗin da ba ta nema ba.

Supa, wanda iyayenmu ke zuba wa gyaɗa a Arewa, yana da fosfarus kashi 16 zuwa 20 cikin ɗari, ga kuma farar wuta da sinadarin ƙashi a ciki. Ni shi na fi so wa sabon fili. A binne shi lokacin shuka, daga baya a riƙa bi da yuriya, takin naitirojin, bayan kowane yanka. Takin da ake kira DAP ya fi shi ƙarfi nesa ba kusa ba, kashi 46 ne, sai dai yana da tsada kuma hannu kan zarce wajen zuba shi.

Kashin kaji ne ke ruɗar mutane. Gonakin kaji sun cika hanyar Ikorodu da Epe, ana samunsa da araha, yana kuma gyara ƙasa mai yashi. Amma fosfarus ɗinsa ya fi ƙarfin abin da ciyawa ke ɗauka idan ana zuba shi don neman koren ganye. Shekara biyu uku ana yi, ƙasa ta ƙoshi, ragowar sai ruwa ya kwashe.

Kuma Legas ba Katsina ba ce. Ruwan Yuni da Yuli kamar da bakin ƙwarya yake sauka, ƙasa yashi ce, rijiya ba zurfi. Takin da aka watsa a sama, ruwa ɗaya ya isa ya kai shi rafi, daga nan sai tafkin Legas. Wannan fosfarus na cikin abincin kainuwar da ta bayyana a ruwan Badagry a 1984, wadda har yau take toshe wa kwale-kwale hanya a Ikorodu. Idan ta ruɓe tana shanye iskar da ke cikin ruwa, kifi ya galabaita. Masunta maƙwabtanka ne, kuma kuɗinka ne ya bi ruwa.

Kafin ka sayi ko buhu ɗaya, ka kai ƙasar filin a gwada, ana yi a jami'ar noma ta Abeokuta. Idan an daɗe ana zuba kashin kaji a wurin, wataƙila yuriya kawai kake buƙata. Idan filin yana bakin ruwa, ka bar taku goma ko fiye na ciyawa ba taki a gefen, kada ka jibge kashin kaji a gangare, kuma ka jira sararawar ruwa ta watan Agusta kafin ka watsa komai.