Wata takwas ina juya miksa da fitilu da tabulet a Zariya

Sana'ata sauti ce. Muna da ɗan shago a Sabon Gari inda muke bayar da hayar lasifika da fitilu, mu je mu haɗa, mu tsaya har a tashi: kamu, dina, walimar saukar karatu, taron yaye ɗalibai a Samaru ko Kongo, wani lokaci wa'azi a fili. Shekara da shekaru ina zaune a bayan miksa mai maɓallai, wato na'urar da ake daidaita sautin kowane makirufo da ita, an ja mini doguwar waya daga dandamali zuwa ƙarshen zaure. Da maigidana ya sayo miksar zamani, irin wadda akwati ce kawai da ramukan makirufo 16, babu abin murɗawa a jikinta, sai aikin duka ya koma kan gilashin tabulet, wanda yake ba ta umarni ta Wi-Fi. Idan tabulet ya tsaya, an ɗaure mini hannu ke nan.

Na farkon da na riƙe mai araha ne, ba zan kama sunansa ba. A shago bai taɓa ba ni matsala ba. Ranar wata dina a Tudun Wada mun gwada komai da la'asar, zaure babu kowa, lafiya lau. Bayan isha'i wuri ya cika maƙil, ana gab da shigo da amarya, sai makirufon sanƙira ya fara kuwwa. Na ja layin ƙarfin muryarsa ƙasa a gilashi, sauti ko gezau. Yayan ango ya taso ya same ni, ya ce, "Malam, don Allah a yi wani abu, iyaye ne zaune a gaban lasifikar nan." Na ce, "Yi haƙuri Alhaji, yanzun nan." Da gudu na je dandamali na zare wayar makirufon da hannuna. Har yau abin yana ci mini rai, domin rana ɗaya ce a rayuwar mutanen nan, kuma amana suka ba mu.

Da na zauna na bi diddigi, dalili biyu na samu. Tabulet ɗin Wi-Fi mai 2.4 GHz kaɗai yake kamawa, zangon da wayoyin jama'a da Bluetooth da masu raba data suke cunkushe a kai, kuma hanyoyi uku ne kacal a cikinsa da ba sa hawa kan juna: 1 da 6 da 11. Zaure babu kowa, hanya fetal. Da baƙi suka shigo kowa da wayarsa, sai ta toshe. Na biyu, akwai layin waya a cikinsa. Wi-Fi na miksa ba shi da intanet, shi kuwa tabulet da ya ga haka sai ya sake shi ya koma data ba tare da ya yi mini sallama ba.

Daga nan na sayi iPad na 9, wanda ya fito a 2021, mai inci 10.2, na hannu, marar layi. Tare da shi na sayi rauta daban, wato akwatin da ke bayar da Wi-Fi, mai 5 GHz, zangon da bai kai 2.4 cunkoso ba, na haɗa ta da miksa da kebul, na kashe Wi-Fi na cikin miksar. Gaskiya rabin sauƙin da na samu daga rautar nan yake. Ina ɗaure ta a saman sandar lasifika, sama da kawunan mutane, saboda jikin mutum yana shanye sigina, kuma 5 GHz ba ya son bango. Na sa mata kalmar sirri wadda daga ni sai ƙanena da muke aiki tare muka sani. Tun daga lokacin sadarwa ba ta yanke mini ana tsakiyar taro ba.

Wanda zai saya, kafin ya taka kasuwa ya fara duba wace manhaja miksarsa take amsawa. StageMix na Yamaha a iPad yake aiki. Miksocin Soundcraft Ui kuwa ta burauza ake shigarsu, kusan duk abin da ke buɗe shafin intanet zai juya su. Masu Behringer X32 ko X Air da Midas M32 da Allen & Heath suna da Mixing Station, wadda take hawa Android da iPad duka. Ita nake amfani da ita, kuma abin da ya sa na riƙe ta shi ne tana barin mutum ya tsara fuskar aikinsa da kansa. Na jera sanƙira da mawaƙi da ganga da kiɗan DJ a shafi ɗaya, na yi wa maɓallin kashe makirufo girma sosai yadda ko a duhu yatsana ba zai kuskure shi ba.

Siffar gilashin iPad ɗin ta yi mini. Ba siriri ba ne kamar na kallon fim, yana da tsawo ko an kwantar da shi, don haka layin ja sama da ƙasa yana da tazara, ina iya ƙara murya kaɗan-kaɗan maimakon ta yi tsalle. Nauyinsa bai kai rabin kilo ba, amma a riƙe shi awa biyar a tsaye sai wuyan hannu ya gaya maka; a sayi riga mai madaurin hannu a baya. Batir yana kai ni daga gwajin la'asar har a tashi dina, da saura. Cajarsa Lightning ce, ba irin ta wayoyinmu ba, saboda haka waya biyu nake ajiyewa a jaka. iPad na 10 da ya fito a 2022 shi ne ya koma USB-C.

Yanayin garinmu ma yana da nasa hukunci. Apple da kansu sun ce a yi amfani da iPad tsakanin digiri 0 zuwa 35, mu kuwa a Maris da Afrilu zafin rana yana wuce haka. A taron fili ba na barin sa a kan tebur rana na dukansa, ƙarƙashin rumfa nake tsayawa, in ba haka ba ko rubutun ba za ka gani sosai ba. Da hunturu kuma ƙura ce da man da muke shafa wa hannu saboda kaushi. Su biyun in suka haɗu a gilashi sai yatsa ya riƙa zamewa. Ƙyalle mai laushi ba ya barin aljihuna.

Fitilu labarinsu daban. Namu suna magana da DMX, wato tsarin da ake ba fitilu umarni da shi, layi ɗaya yana ɗaukar tashoshi 512, kuma akwai ɗan akwati na Art-Net da ke karɓar umarni daga rauta ya miƙa musu. Manhajar Luminair nake amfani da ita, ita kuma sai kayan Apple. Da farko sauti da fitila duka a tabulet ɗaya nake juya su, amma lokacin shigowar amarya ana son a rage haske, a ɗaga kiɗa, a sauke sanƙira, duk a numfashi ɗaya, kuma yatsa ba ya zama a manhaja biyu. Yanzu a manyan taruka ƙanena ne ke riƙe iPad yana kula da fitilu, ni kuma ina sauti da Galaxy Tab A9+ mai inci 11 da muka ƙaro. Mixing Station tana gudu a kansa sumul. Don haka wanda sauti kaɗai yake yi, kuma miksarsa tana amsa Android, bai zama dole ya matsa wa aljihunsa ba, muddin tabulet ɗin yana kama 5 GHz.

A duka biyun na kashe kulle gilashi da kansa, na hana manhajoji sabunta kansu, sai ranar da babu aiki nake yi in gwada a shago. A iPad, idan manhaja ta nemi izinin ganin na'urorin da ke kan rauta, a ba ta, in ba haka ba ba za ta ga miksa ba sam. Babu WhatsApp a ciki, babu wasan yara, ba a kuma ara wa kowa ya ɗauki hoto.

Abin da ya rage mini shi ne wuta. Idan aka ɗauke, kafin a tayar da janareta rauta ta mutu, kuma tana ɗaukar lokaci kafin ta dawo, lasifika na magana ni kuwa ban da iko da ita. Na sa mata ƙaramin batir mai bolt 12 wanda yake riƙe ta. Miksar ce ba ta da nata tukuna, na kuma gaya wa maigida cewa kafin bukukuwan bayan sallah UPS, wato batirin da ke riƙe na'ura idan an ɗauke wuta, ita ce gaba da duk wata sabuwar lasifika.